Ƙaramin Birni da Alƙalamin 'Ya'yansa: Tarken Tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi

1.0 Gabatarwa

Manazarta rubutaccen zube na Hausa sun fi karkata ga ƙagaggun labarai, tun daga littattafan gasar 1933 irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, har zuwa na 'yan baya-bayan nan. Littattafan tarihin garuruwa kuwa an sakar wa masana tarihi su, su kuma ba su neman komai a ciki sai shekaru da sunayen sarakuna. Ta haka wani babban reshe na zuben Hausa ya zama marar uwa: masu adabi na ganin ba nasu ba ne, masu tarihi na tatsar abin da suke so su yar da sauran.

Wannan maƙala za ta yi tarken ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka, wato tarihi da al'adun Abuja wanda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda ake kira Suleja a yau, cikin Jihar Neja. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, aikin nan hujja ce da wani ƙaramin birni ya kafa don kare matsayinsa, kuma daga wannan manufa ne ƙarfin aikin da rauninsa suka tsiro gaba ɗaya. Za a dubi marubutan da zamaninsu, da jigo, da zubi da salo, sannan a auna aikin da abin da ya sami garin daga 1976.

2.0 Marubuta da Zamanin Rubutu

Malam Hassan ɗan gidan sarautar Abuja ne, ya riƙe sarautar Sarkin Ruwa, daga baya ya zama Dallatu. Malam Shu'aibu Na'ibi kuwa malamin makarantar boko ne wanda ya yi aiki a Bida. Sun yi rubutunsu a zamanin Sarki Sulaimanu Barau (1944–1979), wanda shi kansa ya yi karatu a Kwalejin Katsina. A 1952 Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga littafinsu mai suna Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe. A wannan shekarar ce kuma aka buga fassarar aikinsu da Ingilishi a Ibadan, wadda Frank Heath ya fassara ya kuma tsara, da sunan A Chronicle of Abuja. An sake buga fassarar a Legas a 1962.

Ya kamata a lura da zamanin. Kafin wannan lokaci, tarihin ƙasar Hausa da ake karantawa a makarantun boko ya fi fitowa ta hannun Hukumar Fassara, kamar Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda galibinsa fassara ce daga rubuce-rubucen Larabci na malaman daular Usmaniyya da na manyan birane. A cikin irin wannan ruwaya, sarakunan Hausa da jihadi ya kora ba su da bakin magana. Labarinsu yakan ƙare ranar da suka fita ƙofar gari. Aikin Malam Hassan da abokinsa ya soma ne daidai inda waccan ruwaya ta tsaya. Ya kuma riga Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji (1958) fitowa, wanda ke nuna cewa wannan ƙaramin gari na gindin duwatsu ya riga wasu manyan birane samun 'ya'yan da suka rubuta tarihinsa da boko.

3.0 Jigo: Zazzau ba ta Mutu ba

Babban jigon aikin shi ne ɗorewar sarautar Zazzau ta asali a sabon mazauni. Marubutan ba su buɗe da kafuwar garin Abuja ba. Sun faro daga asalin Hausa Bakwai da jerin sarakunan Zazzau, har suka iso kan Muhammadu Makau, wanda ake lissafawa na sittin. Mai karatu zai ƙare wannan sashe da fahimtar cewa garin da za a ba shi labari ya girmi ganuwarsa da ɗaruruwan shekaru.

Ga yadda warwarar jigon take. Mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Musa sun ci Zariya, Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka a Zuba, garin Koro da ke kusa da Dutsen Zuma, cikin ƙasar da tun da can take biyan gandu ga Zazzau. Ya rasu a fagen yaƙi a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin da ya ɗauki sunansa a 1828, aka soma ginin ganuwa a shekarar da ta biyo. Bayansa aka yi Abu Kwaka (1851–1877), wanda a zamaninsa aka buɗe ciniki da Zariya da Bida. Sai Ibrahim (1877–1902), wanda ƙarshen zamaninsa ya zo daidai da shigar Turawa. Sai Muhammadu Gani (1902–1917). Sai Musa Angulu (1917–1944), wanda a zamaninsa aka soma haƙar kuza. Sai Sulaimanu Barau.

Abubuwa uku ne marubutan suka jingina hujjarsu a kai. Na farko, sunan sarauta: sarkin Abuja Sarkin Zazzau ne, kuma har bayan canjin sunan gari ba a bar wannan laƙabi ba. Na biyu, cewa duk hare-haren da aka kawo daga Zariya a ƙarni na 19 ba su ci garin ba. Na uku, cewa tsarin sarautun fada da aka baro da shi daga Zariya yana nan bai wargaje ba. Kowane babi na aikin, idan aka dube shi da kyau, yana yi wa ɗaya daga cikin waɗannan ukun hidima.

Akwai kuma abin lura a cikin kalmar "Haɓe" da ke cikin sunan littafin. Kalmar daga Fulatanci take, jam'in "kaɗo", kuma Fulani kan kira wanda ba nasu ba da ita. Marubutan sun ɗauki sunan da abokin gāba ya raɗa musu, suka liƙa shi a bangon littafi a matsayin tutiya. A zamanin da ake haɗa kowa da kowa a Arewa ƙarƙashin tutar sarakunan da suka karɓi tuta daga Shehu, wannan zaɓen kalma magana ce ta siyasa, ko da yake an faɗe ta cikin ladabi irin na 'yan fada.

4.0 Zubi da Tsari

Aikin ya kasu gida biyu. Kashi na farko jerin zamanin sarakuna ne, kowane sarki da yaƙe-yaƙensa da abin da ya faru a kwanakinsa. Wannan zubi tsoho ne, shi ne na Tarihin Kano da sauran kundayen fada, kuma a nan marubutan ba su zo da sabon abu ba sai tsabtar jeri.

Kashi na biyu ne ya bambanta aikin da magabatansa. A nan an ajiye takobi an shiga gari. An kawo sarautu da aikin kowace: Madawaki shugaban mayaƙa; Galadima da Wambai da Dallatu, waɗanda a da babanni ne ke riƙe da su; malaman fada irin su Limamin Juma'a da Salanke da Magajin Malam; da sarautun mata irin su Sarauniya da Iya. An bayyana naɗin sarki da bukukuwan shekara, da al'adun aure da haihuwa da mutuwa, da al'adun ƙabilun da ke zagaye da garin. Tsofaffin kundayen fada ba su damu da irin waɗannan abubuwa ba, domin a ganinsu abin da kowa ya sani ba ya bukatar rubutu. Malam Hassan da Malam Shu'aibu sun gane cewa abin da kowa ya sani shi ne ya fi saurin ɓacewa, tun da ba wanda ke tunanin adana shi.

Darajar wannan kashi ta bayyana cikin hanzari. Lokacin da M.G. Smith ya rubuta Government in Zazzau (1960), ya so ya kwatanta mulkin Zariya kafin jihadi da na bayansa, kuma tsarin Abuja kamar yadda waɗannan marubuta suka bayyana shi ne ya zama madubinsa na hangen tsohuwar Zazzau. Ta wannan hanya rubutun wasu malamai biyu na ƙaramar En'e ya shiga cikin muhawarar masana a jami'o'in duniya. Sai dai nan ma akwai wurin tsayawa. Ɗaukar Abuja ta ƙarni na 19 a matsayin hoton Zariya ta ƙarni na 18 karɓar hujjar marubutan ce ba tare da bincike ba. Jama'ar da ta yi hijira, ta zauna cikin duwatsu tsakanin Gwari da Koro, tana cikin shirin yaƙi shekara da shekaru, da wuya a ce tsarin mulkinta bai sauya ko kaɗan ba. Ɗorewar da aikin ke nunawa gaskiya ce ta wani fanni, ta wani fannin kuma buri ne na masu rubutu.

5.0 Salo da Matsalar Fassara

Salon aikin miƙaƙƙe ne, irin na mai ba da labari a zaure: aukuwa na bin aukuwa, ba a tsayawa dogon sharhi. Tushensa baka ne, daga tsofaffi da makaɗan fada da masu riƙe da sarautu, kuma alamun bakan ba su ɓuya ba. Sarakuna na zuwa da laƙabinsu, kamar Dogon Sarki ga Abu Kwaka da Dodon Gwari ga Ibrahim. Labarin fitar Makau daga Zariya ya zo da siffar da ruwayar baka ke so: an ce an auka masa yana bayan gari a masallacin Idi, ba shiri. Irin wannan ƙulli yana cire wa wanda aka kora kunyar kāshi, domin ya mai da faɗuwar gari sakamakon shammata. Mai tarke ba ya bukatar ya ƙaryata ruwayar kafin ya ga aikin da take yi a cikin labarin.

Haka batun shekaru. Ruwayar Abuja ta sa faɗuwar Zariya a 1804, shekarar da aka soma jihadi, alhali binciken masana tarihi na baya ya fi rinjaya ga 1808. Wannan saɓani abin gyara ne ga mai tarihi. Ga mai nazarin adabi kuwa, misali ne na yadda ƙwaƙwalwar al'umma ke tattara aukuwa masu nisa da juna ta ɗaure su a kan shekara guda mai suna.

Babbar matsalar da ke gaban mai nazarin salon wannan aiki ita ce, fassarar ta danne asalin. Kusan duk wanda ya ambaci aikin, da sunansa na Ingilishi yake ambatonsa. Heath kuwa bai tsaya ga fassara ba, har da tsarawa ya yi, kamar yadda bangon littafin ya nuna. Ke nan jerin babi-babi da mai karatun Ingilishi ke gani ya bi ta hannu na uku, hannun Bature mai tunanin abin da 'yan'uwansa ke son sani. Kirari da take da sunayen sarautu da kalmomin al'ada su ne suka fi shan wahala a kowace fassara, kuma su ne jinin irin wannan rubutu. Duk hukuncin da za a yanke kan Hausar Malam Hassan da Malam Shu'aibu, wajibi ne a yanke shi daga matanin Hausa, wanda samunsa ya fi na fassarar wuya ƙwarai. Abin takaici ne a ce ɗalibin Hausa a jami'a ya fi saurin samun aikin Bahaushe da Ingilishi.

6.0 Waɗanda Aka Hango Daga Soron Fada

Raunin aikin na tafe tare da ƙarfinsa. Tun da manufarsa kare martabar gidan sarauta ce, daga soron fada yake hangen kowa. Masu sarauta na da suna da asali da aiki. Talakawa da bayi da masu sana'a kuwa a dunƙule suke zuwa, a matsayin jama'a masu al'ada kaza.

Wannan ya fi fitowa fili a kan ƙabilun ƙasar: Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana. Su ne mafi yawan mutanen ƙasar, su ne masu noman da ya ciyar da garin. A kashin tarihi sun fi bayyana a matsayin garuruwan da aka kai wa yaƙi ko masu kawo gandu. A kashin al'adu kuma sun bayyana a matsayin abin kallo, masu tsafi da bukukuwa na ban mamaki. Laƙabin Dodon Gwari kaɗai ya isa misali. A bakin maroƙin fada yabo ne. A kunnen mutumin ƙauyen da aka kai wa hari, sunan wata masifa ce da kakanninsa suka gani. Aikin ya adana yabon, bai nemi jin ɗaya ɓangaren ba. Akwai abin mamaki a nan: marubutan da suka tashi don ba wa waɗanda aka kora daga Zariya bakin magana, su ma sun bar wasu ba baki.

Adalci ya wajabta a faɗi abu biyu. Na farko, ko ambaton al'adun waɗannan ƙabilu da aka yi ci gaba ne a kan kundayen da suka gabata. Na biyu, marubutan sun koma kan batun daga baya, inda aka buga wani aikinsu kan Gwari da Gade da Koro a Ibadan a 1969. Duk da haka, bayanin al'adar mutane daban yake da barinsu su ba da labarin kansu. Idan aka ajiye aikin kusa da Baba of Karo (1954), inda Mary Smith ta rubuta rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya daga bakinta, za a ga abin da ya rage: muryar mutum guda wanda ba shi da rawani.

Tarihin fasahar garin ya nuna girman wannan giɓi. Ginin tukwane sana'ar matan Gwari ce tun fil azal. Ladi Kwali, wadda aka haifa a ƙauyen Kwali wajen 1925, ta gaji sana'ar a gida, kuma Sarki Sulaimanu Barau na cikin masu tara tukwanenta. A fadarsa Michael Cardew ya ga aikinta. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta kai sana'arta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ba za a zargi littafin 1952 da rashin hango ɗaukakar da ta zo bayansa ba. Abin da za a ce shi ne, zubin da ya ware suna ga masu sarauta kaɗai ba shi da gurbin da zai sa irin wannan mace, ga shi kuwa ita ce ta fi kowa kai sunan tsohuwar Abuja ƙasashen waje.

7.0 Littafin Bayan 1976

A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Yanki mai yawa na ƙasar masarautar ya faɗa cikin sabon birnin, sunan Abuja ma ya bi shi. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu, ya zauna cikin Jihar Neja. Gwamnati ta tare a sabuwar Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Garin Abu Ja ya zama masaukin ma'aikata da 'yan kasuwa da leburorin da tsadar haya ta hana su kwana a birnin da suke yi wa aiki. Wasu ƙauyukan Gwari an tashe su, kamar mutanen Wuse da aka mayar Sabon Wuse.

Wannan juyi ya sauya yadda ake karanta littafin. Wanda ya ga sunan A Chronicle of Abuja a yau zai zaci labarin birnin tarayya ne. Aikin da aka rubuta don nuna cewa Zazzau ta yi ƙaura da sunanta ya wayi gari yana ba da shaidar wani gari da sunansa ya yi ƙaura ya bar shi. Hoton Dutsen Zuma ya hau takardar naira 100 a 1999, na Ladi Kwali ya hau ta naira 20 a 2007, amma kaɗan ne cikin masu kashe kuɗin za su danganta su da masarautar da littafin ya bayyana.

Siyasar cikin gida ma ta nuna cewa abin da aka rubuta bai zama tsohon zance ba. Jerin sarakunan da ke sama ya nuna sarauta na karɓa-karɓa tsakanin zuriyar Abu Ja da ta Abu Kwaka. Bayan rasuwar Sarki Ibrahim Dodo Musa a 1993, an naɗa Alhaji Awwal Ibrahim, tsohon gwamnan Jihar Neja. Rikici ya tashi, aka sauke shi a 1994 aka naɗa Alhaji Bashir Sulaiman Barau, sannan aka mai da Alhaji Awwal Ibrahim a shekarar 2000. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta ce ga mai gaskiya. Abin lura shi ne, tambayoyin da irin wannan rikici ke tayarwa, wato wa ya cancanci gado, su wa ke zaɓe, mene ne al'ada ta tanada, su ne ainihin abubuwan da marubutan suka ga ya dace a rubuta shekaru arba'in kafin haka.

8.0 Kammalawa

An ga cewa aikin Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi ya ginu a kan jigo guda, wato ɗorewar Zazzau a Abuja, kuma wannan jigo ne ya sa suka adana sarautu da bukukuwa da al'adun yau da kullum da wasu suka raina. Shi ne kuma ya taƙaita ganinsu ga abin da ake hangowa daga fada. Saboda haka aikin ya cancanci a karanta shi a matsayin zube mai manufa da salo, a yaba masa inda ya yi fice, a kuma tuhume shi inda ya yi shiru.

Abubuwa uku suka rage a wuyan sassan koyar da harsunan Nijeriya. A nemo matanin Hausa a sake buga shi da sharhi, a kuma gwada shi da fassarar Heath layi bayan layi. A sa shi cikin manhajar zube tare da sauran tarihin garuruwa. Sannan a tura ɗalibai su ɗauko ruwayar Gbagyi da Koro da Gade daga bakin tsofaffinsu, da harsunansu, tun kafin gine-ginen birnin tarayya su gama haɗiye ƙauyukan da ruwayar ke zaune a cikinsu.